SHARHI: Sharon da siyasar tumatir, shekara goma ana ihu bayan hari

A watan Mayun 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi abin da ba a saba ji ba: ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Kwamishinan gona na lokacin, Manzo Daniel Maigari, ya ce kashi 80 cikin 100 na gonakin tumatir na jihar sun lalace, kuma manoma kimanin 200 sun tafka asarar da ta kai naira biliyan ɗaya cikin wata guda. Kwandon da a farkon shekarar bai kai dala biyu ba sai ga shi ya haura dala 40 a wasu kasuwanni. A Kadawa ta Jihar Kano, masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote, wadda aka buɗe a watan Maris da niyyar markaɗa tan 1,200 a kullum, ta tsayar da injinanta ba ta cika wata uku tana aiki ba, domin babu abin markaɗawa. Ministan gona na wancan zamani, Audu Ogbeh, ya fito ya tabbatar cewa ɓarnar ta game jihohi shida.

Abin da ya yi wannan aika-aika bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Masana kimiyya na kiran sa Tuta absoluta. Wasu suka raɗa masa "ebolar tumatir". Manoman Kano da Katsina da Zariya kuwa suka sa masa suna sharon, sunan da ya zo ɗaya da na motar hayar nan da ba ta san tsayawa ba a kan titin Kano zuwa Zariya. Tun daga wancan lokaci, da wuya bazara ta wuce ba a ji ɗuriyarta ba. Ta yi mummunar ɓarna a 2023, ta sake a 2024, ta kuma dawo a 2025. Kowane karo labarin iri ɗaya ne: zafi ya shigo, gonaki su ƙone kamar an bi su da wuta, farashi ya tashi a Mile 12, a kira taron bita a Abuja, a yi alkawari, ruwan sama ya sauka, kowa ya manta.

Tambayar da ta dace a yi a yau ta wuce ta yadda ake kashe wannan ƙwaro, domin an daɗe da sanin amsarta. Abin tambaya shi ne me ya sa ƙasar da ake lissafa ta a sahun gaba wajen noman tumatir a Afirka, bayan Masar, take karɓar baƙuncin annoba ɗaya kowace shekara kamar ba ta taɓa ganin ta ba.

Baƙon da ya yi sallama tun daga nesa

Asalin sharon Amurka ta Kudu ne. A ƙasar Peru aka fara bayyana ta a kimiyyance a 1917, kuma ta shafe shekaru da dama tana addabar manoman wannan nahiya ba ta ƙetare teku ba. A ƙarshen 2006 aka gan ta a gabashin Sifaniya. Zuwa 2008 ta shiga Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Ta isa Masar, ta gangara Sudan da Habasha, sannan tsakanin 2012 da 2013 aka tabbatar da ita a Senegal da Jamhuriyar Nijar. A 2015 aka ba da rahoton ta a gonakin Katsina da Kano.

A lura da wannan jeri da kyau. Daga ranar da ta sauka Sifaniya zuwa ranar da ta shigo Najeriya shekara tara ne. Daga Nijar zuwa Katsina kuwa kusan shekara biyu, alhali babu abin da ya raba gonakin ƙasashen biyu sai turken iyaka, kuma kwanduna da buhunan kayan gwari na kai da komowa ta Jibiya da Kwangwalam da Maigatari dare da rana. Babu ƙasar da ta iya tare wannan ƙwaro a bakin iyaka, har da waɗanda suka fi mu kayan aiki, saboda haka ba adalci ba ne a ce laifin Najeriya shi ne shigowarsa. Laifin shi ne ya shigo ya tarar ba a shirya masa komai ba: ba a kafa tarkon sa ido a yankunan iyaka ba, ba a koya wa manomi kamanninsa ba, ba a tanadi jerin magungunan da ke aiki a kansa ba. Ita kanta hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa, NAQS, wadda tsarin mulki ya ɗora aikinta a wuyan gwamnatin tarayya kaɗai, sai a 2018 dokar kafa ta ta samu sa hannun shugaban ƙasa. Wato lokacin da sharon ta shigo, mai gadin ƙofar bai ma samu cikakkiyar takardar kama aiki ba.

Sunan "ebolar tumatir" ma ya yi tasa illar. Ebola cuta ce da ke ɓarkewa, a yi gangami, a daƙile ta, a ayyana cewa an gama da ita, kamar yadda aka yi a Legas a 2014. Sharon ba cuta ba ce, ba ta kama mutum, kuma ba ta tafiya. Ƙwaro ne da ya zo ya yi gida. Duk wanda ya ɗauke shi a matsayin ɓarkewar annoba zai riƙa jiran sai ta tashi ya nemi kuɗin gaggawa, kuma abin da gwamnatoci suka yi ta yi ke nan.

Yadda take cin gona

Uwar ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai launin toka, mai yawon dare, wanda da rana yake laɓewa a ƙarƙashin ganye. Mace guda na iya saka ƙwai har 260 a rayuwarta. Cikin 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda ganye ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa, ta riƙa cin naman ganyen daga ciki, ta bar wani farin tabo shara-shara. Daga ganye ta koma kan tsiro da kara, daga nan ta huda 'ya'yan, ruɓa ta biyo baya. In ta ƙoshi sai ta faɗa ƙasa ko ta naɗe a ganye, ta rikiɗe ta fito da fuka-fuki. Dukan wannan zagaye kimanin wata guda yake ɗauka, kuma yana gajarta idan zafi ya ƙaru. A ƙasa mai ɗumi tana iya haihuwar zuriya 10 zuwa 12 a shekara.

Lissafin mai sauƙi ne, kuma shi ke bayyana abin da manomi ke gani kamar tsafi. A ce daga ƙwai 260 ɗin nan 'ya'ya mata goma kacal suka rayu daga kowace uwa. Zuriya ta farko goma, ta biyu ɗari, ta uku dubu, ta huɗu dubu goma. Uwa ɗaya da ta shiga wurin renon dashe a watan Nuwamba, lokacin da sanyin hunturu ke rage mata hanzari har ba a lura da ita, ta zama runduna kafin ƙarshen Maris. Shi ya sa manomi zai ce ya bar gonarsa lafiya ranar Juma'a, ya dawo ranar Litinin ya tarar ta ƙone. Ba cikin kwana uku abin ya faru ba. Wata huɗu ta yi tana tara jama'a. Inda ba a ɗauki mataki ba, asarar kan kai kashi 80 zuwa 100 na amfanin.

Ba ta tsaya ga tumatir kaɗai ba, ko da yake shi ta fi so. Tana rayuwa a kan dankalin turawa da yalo da gauta da taba, da ciyayin dawa danginsu irin su zaƙami. Idan an cire tumatir aka bar karansa a gona, ko aka watsar da ruɓaɓɓun 'ya'ya a bakin kwalbati, an ba ta masaukin da za ta jira shuka ta gaba.

A nan ne tsarin nomanmu ya zame mata aljanna. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ya mayar da Kura da Garun Malam da Bunkure cibiyar noman rani, kuma albarka ce babba. Amma a wannan shimfiɗa ta dubban kadada, wani na dashe, maƙwabcinsa na tsinka, na gaba ya gama ya bar kara a tsaye. Babu makon da ƙwaron zai rasa ɗanyen ganye. Haka abin yake a Danja da Hunƙuyi da Ikara da fadamun Haɗeja. Kwandunan da suka kai kaya Kwanar Gafan ko 'Yankaba su ne ke komawa wata gonar gobe, ɗauke da ƙwai da tsutsa a saƙarsu.

Mai shagon magani ya gaji malamin gona

Da manomi ya ga tabo a ganye, wa zai tambaya? A ƙa'ida malamin gona. Tsarin malaman gona na Arewa ya samu ƙarfinsa ne daga ayyukan raya karkara da Bankin Duniya ya tallafa, waɗanda aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, daga baya suka zama hukumomin jihohi irin su KNARDA a Kano. Da kuɗin bankin ya ƙare a shekarun 1990, jihohi ba su ɗauki nauyin yadda ya kamata ba. Malamai suka yi ta ritaya ba a maye gurbinsu ba, babura suka mutu ba a sake su ba. Yau jami'an gwamnati da bakinsu kan ambaci malami ɗaya ga manoma dubu goma a wasu wurare, alhali mizanin da aka saba ambata shi ne ɗaya ga dubu.

Gurbin da malamin ya bari bai zauna babu kowa ba. Mai shagon maganin feshi na bakin kasuwa ne ya shige shi. Shi ne likita, shi ne mai sayar da magani, sau da yawa kuma shi ne mai ba da bashi. Ba a ce dukansu maha'inta ba ne, amma ribarsa tana cikin yawan kwalaben da ya sayar, kuma galibi bai samu horon da ya wuce abin da wakilin kamfani ya faɗa masa ba.

Matsalar ita ce sharon ta fi ƙarfin feshin da aka saba. Tsutsar na cikin ganye, maganin da ke kashewa ta hanyar taɓa jiki yana sauka a bayan ganye. Manomi ya fesa bai ga canji ba, sai ya ninka awo, ya haɗa kala biyu ko uku a tanki ɗaya, ya koma feshi duk bayan kwana biyu ko uku. Abu uku ke biyo baya. Ƙwarin da ke cin ƙwan sharon da tsutsarta, waɗanda suke yawo a fili ba su da mafaka, su ne ke fara mutuwa. 'Yan tsutsotsin da jikinsu ya jure maganin su ne ke rayuwa su hayayyafa, har a wayi gari maganin ya zama ruwa. Sannan tumatirin da aka fesa jiya a tsinke shi yau, ba a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba ba, ya shiga mota zuwa tukunyar wani.

Wannan bijirewa ga magani ba hasashe ba ce. Tun a Amurka ta Kudu ƙwaron ya saba da tsofaffin magunguna kafin ya ƙetaro. Sabon rukunin da Turawa suka dogara da shi bayan 2009, wanda ya haɗa da sinadarin chlorantraniliprole, bai yi shekaru da yawa ba aka tabbatar ya fara gazawa a tsibirin Sisili na Italiya. A Brazil an ga irin haka da spinosad. Dokar da masana suka fitar daga wannan darasi ita ce a riƙa sauya rukunin magani daga zuriya zuwa zuriya. Amma sauya rukuni daban yake da sauya suna: kwalabe biyar masu suna daban-daban da hoto daban-daban na iya ɗauke da sinadari guda. Manomin da ba ya karanta ƙananan rubutun Ingilishi na bayan kwalba yana iya kashe kuɗinsa a kan magani ɗaya sau biyar yana zaton ya sauya. Tilasta wa kamfanoni buga lambar rukuni da manyan haruffa, da bayanin awo da Hausa da ajami, aiki ne da NAFDAC za ta iya yi ba tare da an gina ko ɗaki ɗaya ba.

Ga wanda ke ganin batun ragowar guba a abinci ƙarami ne, ya tuna da wake. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos, wato fiya-fiya, da aka samu a cikinsa. Turai na da ɗakunan gwaji a tashoshinta, shi ya sa aka gane. Tumatirin da ake ci a Kano da Legas babu mai gwada shi a bakin kasuwa.

An gina masana'anta, an manta da gona

Amsar da gwamnatin tarayya ta bayar bayan 2016 ta fi karkata ga ciniki. Tun a Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa tumatirin gwangwani cikin kayayyaki 41 da aka hana wa dalar gwamnati. A 2017 aka fito da manufar tumatir ta ƙasa, wadda ta ɗaga harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir daga kashi 5 zuwa kashi 50, aka ƙara da dala 1,500 a kan kowane tan. Niyyar ita ce a kare masana'antun gida. Tunanin ba shi da laifi a kan takarda, sai dai katanga ce aka gina wa gidan da rufinsa ke yoyo. Masana'anta na buƙatar tumatir mai yawa, mai araha, a kan kari, wata bayan wata. Manomin da ke fama da ƙarancin amfani a kowace kadada, ga ƙwaro na jiran sa a watan Maris, ba zai iya cika wannan sharaɗi ba, kuma duk ranar da farashin kasuwa ya fi na masana'anta, kasuwa zai nufa. Masana'antar Kadawa ta yi ta buɗewa tana rufewa a shekarun da suka biyo baya. A Oktoban 2023 kuma babban bankin ya janye takunkumin dalar baki ɗaya.

Shirin ba da rancen noma na Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, ya raba fiye da naira tiriliyan ɗaya kafin a dakatar da shi, mafi yawa ga shinkafa da masara da makamantansu. Ko ɗan ƙaramin kaso na wannan kuɗi da ya isa a kafa tarkon sa ido a kowace gundumar noman rani ta Arewa, a biya masu duba su na shekaru. Dalilin da ya sa ba a yi ba a bayyane yake ga duk mai bin siyasa. Buhun taki da injin ban-ruwa da tarakta abubuwa ne da ake jerawa a fili, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, a ba da kwangilarsu. Albashin malamin gona da man babur ɗinsa ba su da ranar ƙaddamarwa. Annobar da aka hana faruwa kuwa ba ta fitowa a labarai, balle a ci zaɓe da ita.

Akwai kuma batun ƙididdiga, wanda ya kamata ya dami kowa. A 2023 ma'aikatar gona ta tarayya ta ƙiyasta asarar sharon a kan naira biliyan 1.3. A 2025 ministan gona Abubakar Kyari ya yi magana a kan ɓarnar da aka yi a Kano da Katsina da Kaduna, kuma adadin da aka ji shi ne naira biliyan 1.3. Tsakanin shekarun biyu darajar naira ta zube, farashin taki da iri da fetur ya ninka. Da wuya annoba biyu daban-daban su yi asarar da ta zo daidai haka. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne babu wanda ke zagayawa yana auna kadada nawa suka lalace, kuma ma'aikatar da ba ta auna ɓarna ba za ta iya kare buƙatar kuɗin magance ta a gaban majalisa ba.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Ba duk tsadar tumatir ce laifin sharon ba, kuma ɗora mata komai ya zame wa hukumomi mafaka mai daɗi. A tsakiyar 2024, lokacin da babban kwando ya haura naira dubu ɗari a kasuwannin Legas, minista ya danganta abin da ƙwaron. Gaskiya ne ya yi ɓarna. Amma a watan Yunin shekarar hauhawar farashin abinci baki ɗaya ta kai kashi 40.87 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, kuma sharon ba ta cin shinkafa ko garin kwaki. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya tsananta kuɗin ban-ruwa da na mota. 'Yan bindiga sun raba manoma da fadamu a sassan Katsina da Zamfara da Kaduna. Shingayen karɓar kuɗi na kan hanyar Kano zuwa Legas na nan. Ko babu ƙwaro ma, tumatir kan yi tsada tsakanin ƙarshen rani da shigowar na damina, kamar yadda yake arha har a zubar ko a shanya kauɗa a bakin titi a watan Fabrairu. Sharon tana zuwa ne a daidai gaɓar da kasuwar ta fi rauni, ta mayar da ƙarancin da aka saba da shi ya zama fari.

Kuma tsadar ba ta shiga aljihun wanda gonarsa ta ƙone. Shi ya riga ya biya hayar fili, ya ci bashin taki da magani da fetur, ba shi da kwando ko ɗaya da zai kai kasuwa. Hukumar inshorar noma ta ƙasa, NAIC, tana nan tun 1987, amma ƙaramin manomin rani da ya taɓa riƙe takardarta abin nema ne. Da yawa daga masu wannan noma matasa ne da suka zaɓi zama gida maimakon tafiya ci-rani, kuma asarar kaka guda ta isa ta sauya wannan shawara.

Abin da aka sani yana aiki

Najeriya ba baƙuwa ba ce ga irin wannan yaƙi, ta ma taɓa jagorantar sa. A shekarun 1970 wani farin ƙwaro daga Amurka ta Kudu ya shigo Afirka ya fara cinye rogo, abincin miliyoyin mutane. Masu bincike a cibiyar IITA ta Ibadan, ƙarƙashin Hans Herren, tare da abokan aikinsu, suka bi sawunsa har Paraguwai, suka samo wani ɗan mitsitsin zanzaro da ke saka ƙwai a jikinsa. A 1981 aka fara sakin sa a Najeriya, daga baya ya bazu a ƙasashen rogo na nahiyar, ƙwaron ya lafa ba tare da manomi ya sayi kwalba ɗaya ba. Wannan aiki ne ya ba Herren babbar kyautar abinci ta duniya a 1995.

Kenya ta bi wannan hanya a kan sharon. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta ɗauko wani zanzaro daga Peru, mahaifar ƙwaron, ta gwada shi a killace, ta fara sakin sa a gonaki a 2020. A kudancin Sifaniya manoma sun rage feshi ƙwarai ta hanyar sakin wani ɗan koren ƙwaro, Nesidiocoris tenuis, a kan dashe tun yana wurin reno. Wannan ba maganin sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. Noman Sifaniya a cikin rumfunan leda ake yin sa, inda ake iya sarrafa komai, kuma shi koren ƙwaron in ya rasa abin farauta yakan koma tsotson tumatirin. A buɗaɗɗen fili irin namu sakamakon zai fi jinkiri. Amma duk wani abokin manomi da aka saka a filin da ake wa ruwan guba duk bayan kwana biyu ba zai kwana ba, saboda haka gyaran feshi ne matakin farko ko ta wace hanya aka bi.

Sauran matakan ba su da tsada. Tarko mai ɗauke da ƙamshin mace yana jawo mazan, ya nuna wa manomi ranar da adadinsu ya fara hawa, tun ana iya tare su. Rufe wurin renon dashe da raga na hana a kai ƙwai gona da hannu. Ƙona ko binne kara da ruɓaɓɓun 'ya'ya, da kaftun ƙasa bayan girbi, na kashe waɗanda suka laɓe. Akwai magungunan da aka samo daga ƙwayar Bacillus thuringiensis da kuma daga darbejiya, waɗanda ke aiki a kan ƙananan tsutsotsi ba su hallaka sauran ƙwari ba. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, mai hedikwata a Ibadan da reshe a Bagauda, tafiyar 'yan mintuna daga Kadawa, ta daɗe da sanar da tarkon faranti mai fitila da ruwa da ta ƙera, da magungunan tsirrai da ta haɗa. Tazarar da ke tsakanin ɗakin bincikenta da gonar da ke bayan katangarta ita ce malamin gonar da babu shi.

Mataki mafi ƙarfi kuwa ba na mutum ɗaya ba ne, kuma a nan batun ya koma siyasa tsantsa. Manomi zai iya yin komai daidai, maƙwabcinsa ya bar kara a tsaye, cikin dare ɗaya ƙwarin su tsallako. Abin da ke karya lagon sharon shi ne dukan yanki ya yi dashe a tsukin lokaci guda, ya share gonaki a lokaci guda, sannan a samu makonni shida ko fiye da babu tumatir ko danginsa a fili, domin zuriya ta yanke. Wannan yana buƙatar mai iko da zai sa doka, da kuma amincewar waɗanda za ta hau kansu. Hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke riƙe da makullin ruwan Kadawa. Akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a kowane sashe, akwai ƙungiyar manoman tumatir, akwai dagatai da sarakunan noma waɗanda har yanzu ana jin maganarsu. Kayan haɗin suna nan. Wahalar ita ce manomin da ya makara da gangan yana yi ne don ya riski tsadar Afrilu da Mayu, kuma hana shi wannan dama ba tare da wani abin musanya ba, kamar tabbacin ciniki ko shukar da zai maye gurbi da ita, zalunci ne da ba zai yi biyayya gare shi ba. Gwamnan da zai shiga wannan ciniki da manoma sai ya yarda ya ɓata wa wasu rai a shekarar farko.

Darasin ya wuce tumatir. Ƙudan 'ya'yan itace na Asiya, wanda aka fara gani a Kenya a 2003, ya bazu Afirka ta Yamma cikin 'yan shekaru, yana huda mangwaro da lemu daga Binuwai har lambunan Arewa. Tsutsar masara mai cin kunnen shuka, wadda ita ma daga nahiyar Amurka ta fito, a Najeriya da maƙwabtanta aka fara tabbatar da ita a Afirka a farkon 2016. A 2023 wata cutar naman gwari ta kassara cittar Kudancin Kaduna. Kowanne ya tarar da ƙofa iri ɗaya a buɗe. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Maputo ta 2003 cewa za ta ware kashi 10 na kasafinta ga noma, amma kasafin tarayya ya daɗe yana yawo ƙasa da rabin haka, kuma a cikin ɗan abin da ake warewa, kare tsirrai ne ke zuwa a ƙarshen layi.

Tsarin mulki ya bar raya noma a hannun tarayya da jihohi tare, don haka ɗaukar malaman gona da sa ido a gonaki aikin gwamnonin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Gombe ne kai tsaye, ba sai an jira Abuja ba. Jihohin nan kan miƙa kasafinsu ga majalisun dokoki tsakanin Oktoba da Disamba, kuma yanzu galibinsu na wallafa takardun a shafukansu na intanet. Duk mai waya zai iya buɗe sashen ma'aikatar gona ya nemi abu uku: nawa aka ware wa yaƙi da ƙwari, malaman gona nawa za a ɗauka, kuma nawa aka saki daga abin da aka ware bara. Watannin da ake muhawarar kasafin su ne watannin da ake renon dashe a Kura da Danja, lokacin da uwayen farko ke saka ƙwansu a kan ganyen da bai wuce tsawon yatsa ba.